Sau Huɗu Ne, Ya Ku Iyayen Yara

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta, wanda yake buɗe wa bayinsa ƙofar sani a lokacin da ya so, gwargwadon da ya so. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ina kira gare ku 'yan'uwa Musulmi na Kamba da Dole Kaina da Fana da Kyangakwai, da na Bagudo da Illo da Lolo da Ka'oje da Tsamiya, da duk mai kwana a wannan gaɓa ta Kwara inda Nijeriya da Nijar da Benin suka haɗa iyaka. Maganata a kan 'ya'yanku ƙanana ce, waɗanda ba su isa buɗe baki su nemi haƙƙinsu ba.

A farkon watan Disamba na 2024 Nijeriya ta fara yi wa jarirai allurar rigakafin zazzaɓin cizon sauro, kyauta, a cikin jerin alluran da aka saba yi wa yara a asibiti. Da jihohi biyu aka fara, Bayelsa a Kudu, Kebbi a Arewa. Binciken da aka yi a faɗin ƙasar nan a 2021 ya nuna cewa a cikin kowane yara 100 'yan ƙasa da shekara biyar da aka duba jininsu a Kebbi, 49 suna ɗauke da ƙwayar cutar, alhali a ƙasa baki ɗaya 22 ne. Babu jihar da ta kai mu, shi ya sa aka fara da mu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 wannan zazzaɓi ya kashe mutum kusan 597,000 a duniya, kusan kashi ɗaya cikin uku a Nijeriya, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Mu dai ba sai an kawo mana lissafi ba. Duk wanda ya saba raka gawa tsakanin Agusta da Oktoba ya san sau nawa ake tafiya maƙabarta babu makara, mutum ɗaya ne rungume da ƙaramar tabarma.

Lokacin da masu izgili suka raina misalan da Alƙur'ani yake bugawa, Allah ya amsa musu a aya ta 26 ta Suratul Baƙara, kuma sauro ya ambata. Mu tsaya mu dubi wannan halitta da Ubangiji ya kira sunanta, domin abin da masana suka gano a cikinta yana ƙara wa mai imani tsoron Allah.

Macen sauro ce take cizo, saboda sai da jini ƙwayayenta suke nuna. Namiji ruwan furanni yake sha. Irin wadda take ɗauke da wannan cuta da dare take fita. In ta soka baki a fatar yaro sai ta tofa yawu, a cikin yawun akwai ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani. Ba sa daɗewa a jini, hanta suke nufa. A can suke ɓuya kamar mako guda, yaro yana dariya yana shan nono, babu wata alama, su kuwa kowace guda tana hayayyafa dubbai. Daga nan sai su kwararo cikin jini, su kutsa cikin jajayen ƙwayoyin jini, su ci, su ƙara yawa, su fasa su, su shiga wasu, duk bayan kwana biyu. Wannan fashewa ita ce zafin jiki da rawar sanyin da uwa take ji a bayanta. In abin ya ci gaba jinin yaro ya ragu, sai ka ga tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari fat, har a ce sai an yi ƙarin jini. In kuwa ƙwayoyin jinin da suka kamu suka toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, sai yaro ya sandare, ido ya juye, ya kama jijjiga, ya suma. A nan ne muke cewa iska ta taɓa shi, ko an yi masa baki, ko a nuna wata tsohuwa a unguwa a ce mayya ce. Ku ji tsoron Allah game da wannan zargi. Yaro yana mutuwa da abin da ake iya ganinsa a ɗigon jini, mu kuma muna ɗaukar alhakin baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba.

A 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, ya fara ganin ƙwayar cutar a jinin majinyaci a ƙasar Aljeriya. A 1897 Ronald Ross ya same ta a cikin cikin sauro a Indiya. Ita Aljeriyar da aka fara ganin ƙwayar a cikinta, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta rabu da cutar. Masar, mai kogin Nilu da gonakin ban ruwa, ta samu irin wannan shaida a Oktoba 2024. Ƙasashen Musulmi ne, masu salla kamar mu, masu imani da ƙaddara kamar mu. Wanda ya ce zazzaɓin damina abu ne da ba a iya komai a kansa, ya dubi waɗannan.

Ko Madina ma ta san zazzaɓi. Uwar Muminai Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa da aka yi hijira an tarar da Madina gari ne mai yawan annoba, kwarin Buɗhan yana gudana da gurɓataccen ruwa. Mahaifinta Sayyidina Abubakar ya kwanta, Bilal ya kwanta, har suna begen Makka. Da ta kai wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, labarin halin da suke ciki, sai ya roƙi Allah ya sanya musu son Madina, ya ba garin lafiya, ya ɗauke zazzaɓinsa. Ya nemi a ɗauke cutar daga garin. Haka kuma ya tabbata a cikin Bukhari cewa ya sanar da mu kowace cuta Allah ya saukar mata da magani, a wata ruwayar kuma ya umarci bayin Allah su nemi magani.

Nakan ji wasu suna cewa, “Ai in kwana ya ƙare ya ƙare, allura ba ta ƙara kwana.” Gaskiya ne ajali ba ya gaba ba ya baya. Amma an riga mu faɗin wannan magana, an kuma riga an amsa ta. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi yana kan hanyar Sham, ya isa wani wuri da ake kira Sarg, sai shugabannin rundunarsa suka tarye shi da labarin annoba ta ɓarke. Ya shawarci Muhajirai, ya shawarci Ansar, ya shawarci dattawan Ƙuraishawa, ya yanke hukuncin juyawa. Abu Ubaida, Allah ya ƙara masa yarda, ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah zai yi. Umar ya amsa masa cewa daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Sai Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya shaida cewa ya ji Annabi ya hana shiga garin da annoba take, ya kuma hana fita daga cikinsa. Umar ya yi hamdala ya juya. Wa ya fi Umar imani da ƙaddara a cikinmu? Sauro ƙaddara ne, allurar ma ƙaddara ce, kuma ƙafar da za ka taka ka kai ɗanka asibiti za a tambaye ka ita. Mutumin da yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu kowane dare, ya kai shanunsa a yi musu allura kafin damina, ba shi da bakin kiran tawakkali ranar da aka zo kan jaririnsa.

Magabatanmu na wannan ƙasa haka suka fahimta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, duk da nauyin daula a kansa, ya zauna ya rubuta littattafai a kan magani, har da na ciwon ido da na basir. Bai ga neman lafiyar jama'a a matsayin abin da ya fita daga aikin malami ba.

Akwai masu wata damuwa ta daban, su kuma ba zan raina su ba. Suna cewa, “Me ya sa Turawa suka damu da 'ya'yanmu? Me ke cikin kwalbar?” Wannan tsoro yana da asali. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin wani magani mai suna Trovan, gwajin da ya haɗa yara 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye suka ce ba a nemi yardarsu yadda ya kamata ba, aka yi ta shari'a har 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma ku tuna abin da gudun ya jawo. A 2003 wasu jihohin Arewa, Kano a kan gaba, suka dakatar da rigakafin shan inna bisa jita-jitar cewa yana hana haihuwa. Kafin a dawo da shi a Yuli 2004 cutar ta riga ta bazu, ta kuma ci gaba da tsallakawa bayan haka zuwa ƙasashe kusan ashirin da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da Indonesiya. Akwai samari yau a garuruwanmu da suke jan ƙafa tun daga wancan lokaci. 'Yan matan da aka ɗiga wa maganin kuwa, su ne yanzu suke goye da nasu 'ya'yan. Sai da sarakuna suka tashi tsaye a ƙarƙashin Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar, da kwamitin sarakunan Arewa kan kiwon lafiya wanda Sarkin Kabin Argungu Alhaji Sama'ila Muhammad Mera ya jagoranta, sannan aka kai ranar 25 ga Agusta 2020 da aka shelanta cewa Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Allah ya umarce mu a Suratul Hujurat mu bincika labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cutar da mutane cikin jahilci mu dawo muna nadama. Saƙon murya da ya shigo wayarka ta WhatsApp, ba ka san mai maganar ba, ba ka san malaminsa ba, yana cikin abin da wannan aya ta ƙunsa. In ka tura shi gaba wata uwa ta ji ta fasa kai ɗanta, ka shiga cikin abin da zai biyo baya.

To ga abin da ke cikin kwalbar, ga kuma hanyar da ta biyo. Sunan allurar R21. Masana a Jami'ar Oxford ta Ingila ne suka haɗa ta a ƙarƙashin Farfesa Adrian Hill, kamfanin Serum Institute na Indiya yake sarrafa ta. Babu ƙwayar cuta mai rai a cikinta. An ɗauki siffar wani ɗan yanki ne na rigar da ƙwayar take sanye da ita lokacin da sauro ya tofa ta, ana samar da shi a cikin wani nau'in yis, aka haɗa shi da wani sinadari mai zaburar da garkuwar jiki wanda ake tatsa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile. In an yi wa yaro, jikinsa yakan koyi gane wannan riga, ya tanadi abin yaƙarta, ta yadda ran da sauro ya tofa ƙwayar ta gaske za a tare ta kafin ta kai hanta. Sakamakon farko da ya ja hankalin duniya daga Nanoro ya fito, wani gari a Burkina Faso, a 2021, a ƙarƙashin Farfesa Halidou Tinto, ɗan ƙasar. Daga nan aka faɗaɗa gwajin ga yara 4,800 a Burkina Faso da Mali da Kenya da Tanzaniya. A wuraren da zazzaɓi yake zuwa da damina kamar namu, allurar ta rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100 a shekarar farko. Hukumar NAFDAC ta amince da ita a Afrilu 2023, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ranar 2 ga Oktoba 2023.

Tana da yaya, wadda ake kira RTS,S, da aka fara aikinta tun 1987. Daga 2019 an yi wa yara fiye da miliyan biyu ita a Gana da Kenya da Malawi, aka ga mutuwar ƙananan yara ta ragu da kashi 13 cikin 100 a yankunan da aka yi. Ita ce Benin ta fara yi a Afrilu 2024. Nijar kuwa, a watan Satumba 2024, a Gaya ta ƙaddamar da tata, nan kusa da mu, garin da muke cin kasuwa tare muke auratayya. Ku tambayi danginku na can.

Wai don wanda ya haɗa maganin ba Musulmi ba ne? A tafiyar hijira, tafiya mafi hatsari, Annabi da Abubakar sun ɗauki Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ya nuna musu hanya, alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma amintacce ne. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya yi rashin lafiya, wurin Harisu ɗan Kalada likitan Saƙifawa aka tura shi. Maganin zazzaɓin da muke saya a kemis yau ma, asalinsa wata masaniya ce 'yar Sin, Tu Youyou, ta fitar da shi a 1972 daga wani tsiro dangin tazargade, aka ba ta kyautar Nobel a 2015. Mun sha shi shekara da shekaru muna warkewa da izinin Allah, ba mu taɓa tambayar addininta ba.

Yanzu ga inda nake so ku buɗe kunne sosai, domin a nan ne ake yin asara. Allurar nan sau huɗu ce. Ta farko in yaro ya cika wata 5, ta biyu a wata 6, ta uku a wata 7, ta huɗu a wata 15. Ta farko ba ta da wuya, ana cikin ɗoki, maƙwabta sun je, kowa ya je. Ta biyu sai a ce ana aikin gona. Ta uku sai a ce ai wancan karon jikinsa ya yi zafi. Ta huɗu kuwa, wata takwas bayan ta uku, yaro ya fara tafiya, wataƙila uwar ta samu wani ciki, sai a manta gaba ɗaya. Manomi ya san wanda ya yi shuka bai yi noman farko ba, bai yi maimai ba, ciyawa ya noma wa gona. Bai kuma isa ya zargi iri ba. Kariyar takan kankama ne bayan ta uku, ta huɗu kuma ita ke sabunta ta lokacin da ta fara raguwa. Ɗan zafin jiki ko kumburi a wurin allura na kwana ɗaya ko biyu abu ne da aka sani, ma'aikacin lafiya zai gaya muku abin da za ku yi. In zafin ya yi tsanani ko kuka ga wani abin da bai kwanta muku ba, ku mayar da yaron a duba shi, kada ku yanke hukunci a zaure.

Maigida, da kai nake. A yawancin gidajenmu mace ba ta fita sai da izininka, kuma kuɗin kabu-kabu ko na kwalekwale a aljihunka yake. Sau da yawa abin da ke hana yaro allura ke nan: “Maigida bai dawo ba.” Mu mutanen bakin iyaka matafiya ne. Wannan yana Malanbil, wancan yana Doso, wani ya bi mota Kwatano, wani yana kan layin manyan motoci kwana da kwanaki. Annabi ya gaya mana kowannenmu makiyayi ne kuma za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo, ya kuma ambaci namiji a kan iyalinsa. Kafin ka ɗaura jaka, ka ba matarka izini a fili, a gaban mahaifiyarka, cewa duk ranar allura ta tafi ko kana nan ko ba ka nan. Ka ajiye mata kuɗin hanya daban da na cefane. In kana gari, ka ɗauke su a babur ɗinka da kanka. Ba abin kunya ba ne a ga namiji a layin asibiti riƙe da katin ɗansa. Ragon suna da ka yanka ya fi kuɗin waɗannan tafiye-tafiye huɗu nesa ba kusa ba.

Inna, Gwaggo, Kaka, ku ne ake jin maganarku a cikin gida. Na san kun goyi 'ya'ya babu wannan allura. Amma ku kaɗai kuka san nawa kuka haifa, nawa kuka yaye, nawa kuka miƙa aka fita da su. Abin da ba a ba ku ba an ba jikokinku. In surukarku ta ɗauki mayafi za ta asibiti, ku sa mata albarka, ku riƙe mata sauran yaran.

Kada kuma wani ya ce tunda an yi allura a naɗe gidan sauro. Kashi 75 ba 100 ba ne, kuma allurar ta ƙananan yara ce. Mai ciki da yayyen jariri da kai kanka ba ku cikinta. Ba za mu iya busar da fadama ba, shinkafa ce abincinmu da arzikinmu, kuma sauron nan a cikin ruwan gona da kududdufi da ramin tubali da sawun shanu yake ƙyanƙyashewa, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya tashi. Saboda haka gidan sauro yana nan daram, kowane dare, har da daren zafi da ake kwana a tsakar gida. Abin takaici ne a ga gidan sauron da aka raba domin jarirai an kewaye lambu da shi, ko an rufe 'yan tsaki, ko an shiga ruwa ana jan kifi da shi. Mai yin haka ya ci amana biyu: ya bar ɗansa a buɗe, ya kuma kwashe 'ya'yan kifin da al'umma za ta ci baɗi. Sauro ya fara sabawa da tsohon maganin da ake sa wa gidajen, shi ya sa a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar sababbi masu magani iri biyu. In an kawo rabo, ku karɓa ku rataya.

Haka maganin da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata a cikin damina. Na ranar farko a gaban masu rabo ake sha, na kwana biyun da suka rage amana ce a hannun uwa. Wani bincike da aka yi kan yara kusan 6,000 a Mali da Burkina Faso, wanda aka bayyana a 2021, ya nuna cewa yaran da aka haɗa musu allurar RTS,S da wannan magani na damina, zazzaɓi mai tsanani da mutuwa sun ragu a cikinsu da kusan kashi 70 cikin 100 a kan waɗanda suka samu guda ɗaya kawai. Mai ciki kuma ta je awo, akwai maganin kariya da ake ba ta a can.

In duk da haka jikin yaro ya yi zafi, a kai shi a gwada jini a ranar. Ɗan tsini ne a yatsa, cikin minti ashirin an sani. In zazzaɓin sauro ne a ba shi maganin kwana uku cif, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu. Ragowar ƙwaya da ake ɓoyewa don wani karon ita ke barin cutar ta dawo. Jiƙon tazargade ko saiwa ba ya maye gurbin wannan, domin babu mai sanin adadin maganin da ke cikin kofi. In yaro ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi laushi ba ya gane mutane, ko ya fara jijjiga, ko da tsakar dare ne, a ɗauke shi zuwa asibiti. Ku yi masa addu'a, ku tofa masa, amma a kan hanya. Kada a ɗura masa komai a baki yana cikin jijjiga, kada a kanga ƙafarsa ga wuta, kada a turara masa hayaƙi a rufaffen ɗaki. Hatta jarirai sababbin haihuwa, waɗanda a da babu maganin da aka auna daidai jikinsu, a Yuli 2025 hukumar magunguna ta Suwizalan ta amince da wani da aka yi domin masu nauyin kilo 2 zuwa 5, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe takwas na Afirka da suka shiga aikin tantance shi.

Akwai abin da ya keɓanta da mu na bakin iyaka. Mace takan je wankan jego gidan iyayenta a Gaya ko Segbana ta yi watanni. Makiyayi yakan tsallaka da iyalinsa neman ciyawa, masunci yakan bi ruwa. Yaro zai iya fara allura a wata ƙasa ya ci gaba a wata, kuma irin allurar da watannin yin ta sun ɗan bambanta tsakanin ƙasashen uku. Katin rigakafi shi ne shaida. A sa shi a leda a ajiye shi inda ake ajiye takardar gona, in za a yi tafiya a tafi da shi, a nuna wa ma'aikacin lafiya na inda aka sauka, ko da Faransanci aka rubuta shi. In an makara da wata ɗaya ko biyu, kada kunya ta hana komawa. A je a nuna kati a ci gaba.

Ku kuma ma'aikatan lafiya da masu riƙe da ragamar hukuma, amanar ta hau kanku fiye da kowa. Allurar nan sanyi take so, in firji ya mutu ta lalace. Matar da ta taso daga ƙauyen bakin ruwa tun da asuba, ta biya kwalekwale ta biya babur, in ta tarar da ƙofa a rufe, ko aka daka mata tsawa don ta makara, ko aka nemi kuɗi a kan abin da aka ce kyauta ne, da wuya ta sake dawowa, kuma za ta gaya wa mata goma. Ku ji tsoron Allah a kanta. Ku duba katinta, ku faɗa mata ranar dawowa da harshen da take ji, Hausa ne ko Zabarmanci ko Dandanci ko Fulatanci.

Malamaina limamai, Allah ya gafarta muku, babu jaririn da ake haifa a unguwa ba ku sani ba, domin ku ake kira raɗin suna. Ku nemi sanin ranar da asibitin yankinku yake yin rigakafi, ku faɗe ta bayan sallar Juma'a kamar yadda kuke sanar da ɗaurin aure da jana'iza. Ranar suna kuma, bayan an shafa fatiha, kafin a raba goro, ku juya ga uban jariri ku lissafa masa a gaban jama'a: wanda aka haifa a Janairu, allurarsa ta farko a Yuni take, sai Yuli, sai Agusta, ta huɗu kuma a Afrilun shekara mai zuwa.